Rigar Baba a Kan Ƙanƙara

Alder Falls, Ontario
Alhamis, 14 ga Nuwamba

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Inna, ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, da safe da yamma, har ki gaji da amsawa. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufinmu. Yaya gwiwar taki? Na san yanzu iskar teku ta fara shigowa ta ƙasan ƙofar kicin, don Allah ki riƙa toshewa da tsohon bargon nan, kada ki ce sai sanyi ya kankama. Allah ya ƙara wa Kaka Philomena sauƙi, ya raya jaririyar Yaya Noreen. Ki gaya wa Cyril na ji labarin yana cewa zai bar makaranta ya bi jirgin Kawu. Ki ce masa in ji ni ya zauna, ya dubi wannan rubutun nawa kamar tafiyar kaguwa a kan yashi, ya ga abin da barin makaranta ke jawowa. Safar da kika saƙa ta iso, busasshen kifin ma ya iso. Anti Lucille ta jiƙa shi kwana guda ta dafa da dankali. Baffa Armand ya yi ta mita wai warin ya kori kyanwa daga gidan, amma sau uku yana miƙa faranti.

Ni lafiyata ƙalau, ina cin abinci, ina zuwa aiki. Na faɗi wannan tun farko don kada gabanki ya faɗi. Amma akwai maganar da na kasa faɗa miki a waya. Sau huɗu kina tambayata ko na sa rigar Baba na je kallon wasa, sau huɗu ina cewa layin ba ya da kyau. Layin lafiyarsa lau, Inna, bakina ne ya ƙi. Kuma ɗakin da nake a ƙasan gidan yake, duk abin da na faɗa yana bin bututun ɗumama ɗaki ya fita daidai kujerar Baffa. Shi ya sa na ce gara in rubuta, ko da zai ɗauke ni dare guda. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Ba zan ɓata wa Baffa suna ba, don ya yi min abin da uba ke yi. Shi ya ɗauko ni a tashar bas a watan Mayu, ya rungume ni ya ce tafiyata sak ta ƙanensa. Shi ya kai ni kamfanin katako inda ya yi shekara talatin da huɗu, ya damƙa ni a hannun shugaban ɓangarenmu, wani dogo da ake ce wa Oga Pekka, ya ce wannan jinin Lachance ne, ba sai an gwada shi ba. Ko takardar makaranta ba a tambaye ni ba. Kuma kin san kujerun nan biyu na filin hoki, wasan kan ƙanƙara, da Baba yake yawan ba mu labari, layi na shida, lamba goma sha ɗaya da goma sha biyu, waɗanda Kakanmu ya kama tun ranar da aka buɗe filin? To suna nan. Shekara ashirin da biyu tun da Baba ya bi ki tsibiri, Baffa bai bar kowa ya zauna a ta goma sha biyun ba. Hularsa yake ɗorawa a kai. Anti Lucille ta ce ko ita sau ɗaya ta zauna, ya kwana biyu ba ya mata magana. Satin da na zo ya ce min, Fintan, bana hulata za ta huta. Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona.

To ni na zo ne a lokacin da garin ke tafasa. Ƙungiyar hokin garin, Zalɓe, ta yi shekara biyar ba ta taɓuka komai ba, mai ƙungiyar ya sallami babban manaja, ana jiran a ga wa zai ɗauka. Ni a sanina hoki shi ne a zura a raga, a yi ihu, a koma gida. Ban taɓa sanin akwai wani wasan a ofis ba, wanda ya fi na kan ƙanƙara zafi. Rabin gari na son Rod Tessier, tsohon kyaftin ɗin nan da ake ce wa Guduma, wanda hotonsa ke manne a jikin firjinmu ba haƙoran gaba. Sai a watan Yuli aka ji a rediyo an ɗauki wata mata daga kudu, Madam Varga, wadda aka ce ba ta taɓa buga wa wata babbar ƙungiya ba, aikinta duba 'yan wasa da lissafi a kwamfuta. Muna cin abincin rana aka faɗa. Baffa ya ajiye cokali a hankali, ya tashi ya kashe rediyon, ya ce an binne garin nan yau, saura addu'a.

Tun daga ranar, Inna, ba a maganar komai sai wannan. Ko ruwan sama aka yi sai wani ya ce laifin Madam ne, wani ya ce a'a, ragowar ɓarnar tsofaffi ce. A shagon kofin da ke kusa da gada, teburin tsofaffin ma'aikata ya rabu biyu, har mai shagon ta sa tukunyar fulawa a tsakani. Baffa yana ɓangaren taga. Cewa yake wanda bai taɓa tsince haƙorinsa a kan ƙanƙara ba, ba shi da bakin zaɓen wanda zai zubar da nasa, kuma a nuna masa inda ake soka wa kwamfuta waya ta auna zuciyar namiji. Oga Pekka yana ɓangaren ƙofa, shi kuma ba ya raga masa. Yakan ce, kai Armand, mutumin naka shekara goma sha shida ana dukansa a ka, in ka aike shi sayen fanke goma sha biyu da tara zai dawo yana murna, shi za ka ba ƙungiya? Yakan ce shekara biyar ana ɗaukar abokin wane da surukin wane, ga shi muna ƙasan tebur kamar kare. Baffa ya ce masa ɗan kwamfuta, shi ya ce wa Baffa gidan tarihi mai tafiya. Mutanen da suka yi shekara talatin suna cin abinci a benci ɗaya ke nan. Har Fada ya ce a coci ranar Lahadi, wai shi ba zai faɗi ɓangarensa ba, amma duk wanda ya zo iƙirarin zunubi ya daina fara masa da maganar manaja.

Ni kuma kowa sai ya tare ni, kai ɗan tsibiri, kana ina? A wurin aiki masu son Guduma sun manna koren tef a hular kwanonsu, sauran sun bar tasu haka. Ranar farko da na shiga ba tef, wani ya ce to, ɗan Armand ya ci amanar gida. Washegari Baffa ya manna min da hannunsa a bakin ƙofa. Da Oga Pekka ya gani sai ya yi murmushi ya ce ashe an yi wa ɗan maraƙi lamba, ya tura ni share ƙurar katako yini guda. Da na cire, gida ba daɗi, da na manna, aiki ba daɗi. Gaba kura, baya siyaki. Na ce musu ni ban san matar ba, ban san mutumin ba, sai a yi dariya a ce a garin nan ko jariri yana da ɓangare. Wata rana na tambayi Anti Lucille ita tana ina, muna wanke-wanke. Ta leƙa falo tukuna, sannan ta ce a hankali, yaro, macen da ta iya zama ɗaki ɗaya da mazan garin nan ba ta jefi kowa da kujera ba, ta cancanci a ba ta shekara biyu a gani. Ta ce in na maimaita, ba ni ba miyarta.

Abin ya ƙara lalacewa a watan Satumba, da Madam ta sallami tsofaffi uku masu yawon nemo wa ƙungiya 'yan wasa, ta ɗauko wasu matasa biyu a madadinsu. Ɗaya daga cikin tsofaffin abokin Baffa ne tun suna yara. Nan teburin taga ya yanke shawara cewa a wasan farko na gida za a jefa riga a fili. Kin san abin da wannan ke nufi, Baba ya sha faɗa cewa ba zagin da ya kai shi, mutum ya tuɓe rigar ƙungiyarsa ya wurga kan ƙanƙara, ya ce na yafe ku. Ni ina jin maganar kamar labarin wasu. Sai wata Asabar da safe Baffa ya sauko ɗakina, abin da bai taɓa yi ba saboda matakala, ya zauna a bakin gado yana haki. Rigar Baba tana rataye a bayan ƙofa. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce rigar leda ta kanti kowane sakarai zai iya jefawa, ba wanda zai waiga, amma wannan ta ulu ce, ta zamanin da ake wasa da gaske, in ta faɗi a fili gari duka zai ji ƙarar faɗuwarta. Ya ce shi kafaɗarsa ta mutu tun hatsarin injin, ba zai iya jefa ta ta tsallake gilashin da ya kewaye filin ba, amma ya ga yadda nake wurga igiya. Sannan ya faɗi maganar da ta kashe min jiki. Ya ce da ubanka Wilfred na da rai, da hannunsa zai jefa ta, kai ne hannunsa yanzu.

Inna, ban san ko gaskiya ne ba. Ni Baban da na sani shi ne mai zama a kicin da rigar nan, kunnensa a jikin rediyo, ko an ci su bakwai sai ya ce ba komai, mako mai zuwa. Amma Baffa ya san shi shekara ashirin da biyar kafin ni. Na ce masa ke kika ba ni, kika ce in sa ta in zauna a kujerar ubana, kuma ke kika ɗinka sunanmu a bayanta da hannunki lokacin kina amarya. Ya ce ai za a dawo da ita, tsintarta kawai za a yi a ajiye a ofis, Litinin mu je mu karɓa. Ya ce shi bai taɓa roƙona komai ba. Kuma gaskiya ne, bai taɓa ba. Sati biyu ina juya maganar. In na hau sama ga abincinsa, in na sauko ga gadonsa, in na fita ga aikin da ya samo min. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, shi kuma ya ɗauki shiruna a matsayin to, ya je ya gaya wa teburin taga.

Wasan ranar Lahadi ne, ƙarfe biyu na rana. Na sa rigar, na zauna a lamba goma sha biyu. Abin da nake so ki sani shi ne na zauna ɗin, Inna, na cika miki wannan. Akwai wani ɗan gurbi a hannun kujerar inda aka kankare W da wuƙa, Baffa ya nuna min, ya ce ubanka ne yana ɗan shekara tara, ya sha duka a kai. Na ɗora yatsana a wurin har aka gama kashin farko. Wata tsohuwa a bayanmu ta taɓa kafaɗata ta ce ita ta san rigar nan, ta san mai ita. Wallahi a lokacin na yanke a raina ba zan jefa ba. Sai a kashi na biyu aka zura mana biyu a jere, filin ya ɗauki ihu, ana kiran sunan Guduma, ana buga ƙafa har kujera na rawa. Duk 'yan teburin taga suka juyo suna kallona. Baffa ya kama gwiwata ya matse, ya ce yanzu, ɗana, yanzu. Bai taɓa ce min ɗana ba sai ranar. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tuɓe ta, na dunƙule kamar yadda ake dunƙule igiyar ɗaure jirgi, na wurga. Ta tsallake gilashin, ta buɗe a sama da hannuwanta biyu, ta sauka a tsakiyar fili. Ba a ma tsayar da wasan nan take ba. Sai da aka bi ta kanta, sannan alƙalin wasa ya busa usur, wani ya ɗage ta da bakin gorar wasansa kamar mataccen kifi.

Rabin filin na tafa min, rabi na zagina. Masu gadi biyu suka zo suka riƙe ni ta hammata, daga ni sai 'yar singileti. Na waiga in ga Baffa, yana tsaye ana bubbuga bayansa, bai biyo ni ba. A wani ɗan ɗaki aka ɗauki hotona, aka ba ni takarda na sa hannu, aka ce shekara guda cur ba ni ba shiga filin, ko bikin yara ake yi. Na ce rigata fa? Mai gadin ya ce abin da aka jefar ai an jefar, sai in ofis ya ga dama. Na taka har gida cikin sanyi, don kwat ɗina na kan kujera. Anti Lucille ta buɗe min ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗora min bargo ta ba ni shayi. Sannan ta ce, Fintan, ka san dalilin da bai jefa da kansa ba? Ta ce kafaɗar gaskiya ce, amma da hagu yake jefa wa kare ƙwallo har ƙarshen lambu. Kujerun da sunansa suke. In shi ya jefa, duka biyun za a ƙwace. In kai ne, kai kaɗai za a kora. Ta ce kowa a garin nan ya san wannan dokar, kai ne kawai ba ka sani ba. Ashe baƙo ko da idonsa makaho ne.

Daga nan na zama abin nuni. Jaridar gari ta buga hotona, hannuna a sama, bakina a buɗe kamar wawa. An yanke an manna a bangon shagon kofi, ɓangaren taga, sun sa min suna Majaujawa, ba sa bari in sayi kofi da kaina. A wurin aiki kuwa Oga Pekka ya kira ni gaban kowa ya ce shi ya san Wilfred Lachance, ajinsu ɗaya, kuma Wilfred ko takardar alawa ba ya jefarwa a filin nan. Ya ce je ka, ba ni da abin ce maka. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. To wanne ne Baban, na Baffa ko na Oga? Ke kaɗai za ki iya gaya min.

Sati biyu bayan haka sai ga sanarwa, wai Madam ta ɗauki Guduma ya zama mai ba ta shawara. Ki zo ki ga murna a gidan nan. Baffa ya ɗaga Anti Lucille sama da kafaɗar da ta mutu. Ya ce rigar ce, rigar Wilfred ce ta durƙusar da su, ƙungiya ta dawo hayyacinta. Asabar ɗin nan ya yi wanka ya tafi wasa yana fito, ni ina kicin ina ji a rediyo. Da ya dawo na tambaye shi wa ya zauna a sha biyun. Ya ce ba kowa, hulata. Na ce Baffa, Litinin nawa ta wuce, yaushe za mu je karɓo rigar? Ai na bincika, an ce sai wanda ya jefa ya je da kansa, ya rubuta takardar ban haƙuri. Nan fuskarsa ta canja. Ya ce kada in kuskura. Ya ce in na ba da haƙuri na mai da shi maƙaryaci a gaban Pekka da gari duka, kuma rigar ta yi aikinta, ta faɗi a fagen fama kamar soja, ba a tono soja. Ya ce muddin ina cin abinci a teburinsa ba Lachance ɗin da zai durƙusa wa matar nan.

Kwana tara takardar tana aljihuna. Layi uku ce kawai, na rubuta ta sau shida. Kullum bas ɗin aiki na bi ta ƙofar ofishin, kullum in ce gobe. Shekaranjiya da kika kira kika ce Cyril na tambaya ko in na zo Kirsimeti zan bar shi ya gwada rigar, na ce layin ba ya da kyau, na ajiye waya na zauna a ƙasa. Yau da aka tashi cin abincin rana ban ci ba, na tafi da kayan aikina, ƙurar katako har gira.

Ofishin ƙarami ne, ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Madam Varga 'yar gajeriya ce, idonta duk gajiya, tana cin burodi a tsaye. Ta karanta takardata, ba ta yi dariyar rubutun ba. Ta ce daga layi na shida ka jefo? Na ce e. Ta ce lallai kana da hannu. Ta ce korar ba a hannunta take ba, dokar masu filin ce, shekarar tana nan. A kusurwa kuwa wani tsoho ne zaune da tabarau a kan hanci, yana danna kwamfuta da yatsa ɗaya, haƙoransa farare reras. Sai da ya yi magana na gane Guduma ne. Shi ya jawo kwali a ƙarƙashin tebur ya ciro rigar. Ya ce irin wannan ta yi wuyar gani yanzu, ya juya bayanta ya karanta sunan, ya ce wane ne Lachance? Inna, hotonsa shekara nawa a firjinmu. Na ce babana ne, ya rasu. Ya ce Allah ya ji ƙansa. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko rigar ce ta sa aka ɗauke shi. Ya dubi Madam, ita ma ta dube shi. Ya ce yaro, tun watan Agusta muka gama magana, aikin gwiwa aka yi min, shi ya sa ban fara ba. Ya ce shi ma ya rasa abin da garin nan ke faɗa a kai.

Rigar tana wurina yanzu, a ƙarƙashin katifa. Amma ba yadda kika ba ni take ba. Wanda ya bi ta kanta, kaifin ƙarfen takalminsa na sulɓi a kan ƙanƙara ya yanka bayan daga kafaɗa zuwa tsakiya, ya raba ɗinkinki biyu. Kuma an wanke ta. Na sa hancina a wuyan, inda kika sani, ba komai sai ƙamshin sabulun ofis. Wannan ba wanda zai dawo min da shi, kuma ba Baffa ne ya wurga ba, hannuna ne. Ki yafe min, Inna. Da na sani ƙeya ce.

Ban san yadda gobe za ta kasance ba. Mai amsa waya a ofishin ƙanwar mai shagon kofi ce, a garin nan kuwa in ka yi atishawa a ofis a shagon kofi za a ce maka sannu. Ba na so Baffa ya ji a bakin Oga Pekka. Don haka gobe da safe zan sa rigar haka, da yankanta, in hau sama shan shayi. Maganar Agusta kuwa ban sani ba ko zan iya faɗa masa, don nasarar da yake gani rigar ta yi kaɗai yake taƙama da ita yanzu. In ya ce in tattara kayana ban san inda zan nufa ba, dusar ƙanƙara ta fara sauka, ba ni da kowa a nan sai su, aikin ma da sunansa na same shi. Na gaya wa Anti Lucille ɗazu. Ta ce teburin nasa ne, amma tukunyar tata ce. Ina jin takunsa a sama yanzu haka, yana neman tabaransa yana waƙa. Don Allah kada ki kira shi. In kika kira, zai ce na kai ƙararsa wurin mace, abin ya ƙara ɓaci.

Ki gaishe min da Kaka Philomena, ki ce ina sa hular da ta ba ni. Ki gaishe da Yaya Noreen da maigidanta Leo, da 'yar jaririya da ban gani ba tukuna. Ki gaishe da Kawu Alphonsus da mutanen jirginsa, da Gwaggo Bride ta bakin gada. Cyril kuma ki ce masa zai gwada rigar, amma ba bana ba.

Abu ɗaya nake roƙo. A cikin gwangwanin biskit ɗin nan na saman kabad, in akwai ragowar farin zaren ulun da kika yi sunan da shi, ki sa min a ambulan, da ɗan kore in akwai. Ban iya ɗinki irin naki ba, kuma ba zan kai wa tela ba. Amma Baba ya koya min gyaran raga, ya ce ba ragar da ta yage har ta fi ƙarfin mai haƙuri. Ƙullin zai fito, duk wanda ya duba zai gani. Gara a gani.

Ni ne ɗanki mai kewarki kullum,
Fintan